Sa rana ko komawa aji: nazarin lamarin wani gida a Garwa

A Garwa, hedikwatar jihar Arewa ta ƙasar Kamaru, yaro ɗaya yakan tashi da harshe uku a bakinsa. Fulatanci a kasuwa da titi, Faransanci a aji da ofis, Hausa kuma a cikin gidajen da kakanninsu suka biyo hanyar fatauci suka zauna a bakin Binuwai tun ƙarni na 19, bayan da tutar Modibbo Adama ta buɗe ƙasar Adamawa ga 'yan kasuwa da malamai. Goro, fawa, ɗinki, dukanci da allo su suka zaunar da su. Gidan da wannan nazari ya shafa yana unguwar Hausare. Gidan mahauta ne na gado, zaure ɗaya, sassa uku. Na sakaya sunayen mutanen ciki, kowa zan kira shi da abin da yaran gidan ke kiransa.

Iya ce tsohuwar gida, ta kai saba'in. Baffa babban ɗanta ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu. Baba ƙanensa ne, da safe yana kan teburin nama, da yamma kilishi. Inna matar Baba ce. 'Ya'yansu da maganar ta shafa uku ne: Yaya, saurayi ɗan shekara 19, Ummi, 'yar shekara 16, wadda aka yi wa Iya takwara da ita, shi ya sa ba mai kama sunanta na yanka, sai Auta, 'yar 11.

Ummi ta ci BEPC, jarrabawar da ake yi bayan shekara huɗu a sakandare. Sakamako ya fito a watan Yuli. Kafin Agusta ya ƙare, wani ɗan dangin Iya mai shagon atamfa a babbar kasuwa ya turo magabatansa da goro da kuɗin gaisuwa. Makarantu kuwa farkon Satumba suke komawa. Cikin 'yan makonni ke nan dole gidan ya tsayar da magana: a sa rana, ko a biya kuɗin aji biyar.

Manemin bai wuce talatin ba, bai taɓa aure ba, ba a san shi da wani abin assha ba, kuma Ummi ba ta ƙi jininsa ba. Da labarin duka ne da ɗaure yarinya a ɗaki, da yanke hukunci ya yi sauƙi. A nan kowa alheri yake nufin yarinyar da shi, sai dai kowa da ma'aunin zamanin da ya tashi a ciki.

Abin da Iya ta sani

An ɗaura wa Iya aure tana da shekara kamar 14, a zamanin Ahmadu Ahijo, shugaban ƙasa na farko, wanda shi ma ɗan Garwa ne. Makarantar boko tana nan a lokacin, har gwamnati ta buɗe makarantun da suka haɗa Faransanci da Larabci don ta jawo iyayen da ke gudun lekol, wato makarantar boko. Amma a gida irin nasu maganar ba ta ma taso ba. Namiji ya yi allo, ya sauke ko ya kusa, ya kama wuƙa a bayan ubansa. Mace ta samu surorin salla, ta ɗauki faranti, da ta fara girma sai ɗaki. Ba wanda ya tambayi Iya me take so ta zama, ita ma ba ta ji an tauye ta ba, domin ba ta cikin tambayoyin da ake yi wa 'ya mace.

Amma tana da buri, guda uku, kuma har yau takan lissafa su da yatsa: jeren kwanuka da zai sa kishiya ta sunkuyar da kai, ɗan da zai gaji gida, da kujerar Makka. Duka ta samu, kuma na farko da na ƙarshe ba da kuɗin miji ba. Tana cikin kulle, ba ta taka ƙofar gida sai da dare da rakiya, amma man gyaɗarta da ƙuli-ƙulinta sun zaga unguwanni. 'Ya'yanta mata ne ke fita a madadinta. Su ke kai gyaɗa inji, su ke talla, su ke karɓo bashi, su ke kai zubin adashi. Ribar tallar nan kuma ita ta zama gado da katifa da kwanukan kowacce ranar da aka kai ta.

Nan wanda bai san gidajenmu ba yake ɓata lissafi. Yakan ɗauka cire yarinya daga makaranta jahilci ne tsagwaronsa, alhali tsari ne mai kai da ƙafa. Uba ke ciyarwa, uwa ke kayan ɗaki. Uwa ba ta fita. To 'yar ce za ta fita ta nemo kuɗin kayan ɗakinta da kanta. Yarinyar da ta wuni a aji ba ta kawo ciniki, ranar aurenta kuwa uwarta ce za ta sha kunya a gaban dangin miji. Ga kuma biki. Duk abin da Iya ta kai wa ƙawaye da dangi a aure da suna shekara da shekaru, ba ya dawo mata sai ranar da ita ma ta tara mutane a gidanta. Don haka da ta kalli jikarta ta ce, cikin wasan nan na kaka da jika, "Kishiya, darajar mace ɗakinta," abin da ta gani da idonta take faɗa, kuma a kanta ya yi aiki.

Inna kuwa ta shiga lekol. Mahaifinta masinja ne a wani ofishin gwamnati, ya sa 'ya'yansa duka, maza da mata. Ta kai ajin ƙarshe na firamare tana son zama madam mai koyarwa. Sai 1993 ta zo, gwamnati ta zaftare albashin ma'aikata har sau biyu cikin shekara ɗaya, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Lokacin ko firamare da kuɗi ake yinta, don sai a 2000 Shugaba Paul Biya ya sanar da soke kuɗin firamaren gwamnati. Uban ya duba aljihunsa ya ga ba zai ɗauki kowa ba, kuma zaɓen bai ɗauke shi dogon tunani ba. Ƙanenta namiji, wanda yara ke kira Kawu yanzu, ya ci gaba. Ita ta dawo gida, tunda gidan wani za ta. Bayan shekara biyu aka aurar da ita.

Auren farkon bai yi ƙarko ba. Ta dawo gidan ubanta da takardar saki, ba shaidar karatu, ba sana'ar kirki a hannu, ta yi shekaru tana zawarci tana jiran abin da za a miƙo mata, kafin Allah ya haɗa ta da Baba. Iya ta ga aure ya rufa mata asiri har tsufa. Inna ta ga aure yana iya tsinkewa da rana tsaka, mace ta wayi gari ba ta da komai sai kwanukan da za ta riƙa sayarwa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa in tana maganar karatun Ummi ba ta kawo zancen 'yanci ko ɗaukaka. Abin da take cewa shi ne, "Ko ba raina, ta samu abin riƙe kanta." A lura, ko a bakin mai goyon bayan karatun, aure ne dai ma'auni. Takarda madogara ce in aure ya ƙi.

Wanda ba a yi zama a kansa ba

Kafin a kai ga shawarar da aka yi kan Ummi dole a tsaya kan Yaya, domin shi ne ɓangaren lamarin da ba wanda ya kira shi lamari.

Baba shekara uku ya yi a lekol, mahaifinsa ya ce ya isa, tunda ya iya ƙirga canji. Bai taɓa tunanin wata sana'a ba bayan fawa, kuma ta riƙe shi. Ɗansa ne na farko a zuriyar da ya ƙi wuƙa. A Maris na 2020 aka rufe makarantun Kamaru saboda annobar korona, Yaya yana aji uku na sakandare, yana da shekara 15. Zaman tsakar gida bai karɓi namiji ba, mahauta kuma ba ta burge shi, sai ya bi wani abokinsa bakin titi sayar da zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya a jarkoki ana sayarwa a kwalabe. Ya fara kawo kuɗin cefane. Da aka koma makaranta bai koma ba. Ba a kira Baffa ba, ba a aika wa Kawu ba, ba wanda ya zubar da hawaye. Baba ma daɗi ya ji, ya ce yaro ya zama mutum.

Yaron nan yana da hannu a gyaran lantarki. Rediyon unguwa da fitilun caji shi ake kawo wa, kuma ya taɓa cewa makarantar fasaha yake so a mayar da shi. Amma abin da ake auna saurayi da shi a Hausare ba a ɓoye yake ba: me kake kawowa gida, yaushe za ka haɗa lefe, yaushe za ka yi ɗaki. Hujjar barin aji kuma tana wuce shi a titi kullum, don ga masu digiri daga Ngaundare da Marwa suna acaɓa, wadda a can ake ce wa kilando, suna jiran gasar ɗaukar ma'aikata shekara bayan shekara. Samarin layinsu abu uku ke yawo a bakinsu, babur na kai, kakin soja, ko ƙwallo. Kowa ya san Vincent Aboubakar daga Coton Sport ta Garwa ya tashi, har ya fi kowa zura ƙwallo, guda 8, a gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Rumde Ajiya, nan cikin gari.

Da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, farashin zuwa-zuwa ya yi tsalle, riba ta tsuke. Yaya ya koma acaɓa da babur ɗin wani, kullum da dare yana kai wa mai shi kason da suka yanke. Yau ba shi da BEPC, komawa aji kuma ya yi masa girma. Ƙa'idar da ta fitar da shi ita ce ta zo fitar da ƙanwarsa: namiji ciyarwa, mace aure. Nata an ɗauke shi abin tattaunawa, har ƙungiyoyi da gidajen rediyo suna magana kan irinsa. Nasa yabo ya jawo masa.

Zaman zaure

Inna ba ta da bakin magana a gaban surukai. Abin da ta iya shi ne ta aika a kira ƙanenta, wanda malamin firamare ne a wani ƙauye wajen Pitowa. A al'ada kawu ba shi da iko kan auren 'yar yayarsa, dangin uba ke bayarwa, amma ana jin nauyinsa. Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko, suka zauna a zaure shi da Baffa da Baba. Iya tana daga ciki, saƙonta na fitowa ta bakin Goggo.

Ummi ba ta wurin. Tun kafin nan Goggo ta shiga ta tambaye ta, ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba, aka fito aka ce ta yarda. Baffa ya kafa hujja da abin da ya karanta a gaban malamai, cewa a mazhabar Malikiyya uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, kuma shirun budurwa izini ne. Sai dai yarinyar da aka koya wa tun tana rarrafe cewa ɗaga ido gaban manya rashin kunya ne, shirun kaɗai ta iya, ko tana so ko ba ta so. Ta daina cin abincin kirki, ta daina hira da Auta. Inna ce kawai ta karanta wannan.

Kawu ya fara da doka, kuma nan ya kusa ɓata komai. Gaskiya ne dokar 1981 ta yarda a aurar da mace daga shekara 15, namiji daga 18. Amma kundin hukunta laifuka na 2016, a sashe na 356, ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 25,000 zuwa 1,000,000 ga wanda ya yi wa wani auren dole, hukuncin kuma ya hau kan duk wanda ya aurar da yaro ko yarinyar da ba su kai 18 ba. Sashe na 355-2 ya sa tarar 50,000 zuwa 500,000 ga mahaifin da yake da hali ya ƙi sa ɗansa makaranta. Baffa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Malam, jandarma za ka kira mana?"

Baffa ya san abin da kowa ya sani. Aure a nan a ƙofar gida ko a masallaci ake ɗaura shi, da waliyyai da shaidu da sadaki da goro. Kaɗan ne ke zuwa ofishin magajin gari a rubuta. Wa zai kai ƙara? 'Ya ta kai ubanta? Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na matan Kamaru 'yan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kuma jihohin arewa uku, Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, suna sama da wannan matsakaici. Gidan da zai bi dokar sai ya samu dalilinsa na cikin gida.

Daga nan maganar da kowa ke kewayewa ta fito. Baffa ba ya tsoron boko, ciki yake tsoro. Budurwa ta yi shekara uku tana kai da komo tsakanin samari da malamai maza da masu babur, in aka samu abin kunya ba ita kaɗai zai shafa ba, ƙannenta da 'ya'yansa ma sun rasa manema. Baba, wanda duk zaman bai cika magana ba, ya kawo mafitar da magabatan manemin suka bayar: a ɗaura, ta ci gaba da karatu daga ɗakinta. A takarda hakan mai yiwuwa ne. A Afrilun 2022 ministar ilimin sakandare, Pauline Nalova Lyonga, ta fitar da sanarwar da ta hana korar ɗaliba don ta yi ciki, ta ba ta damar zama a aji har mako na 26, ta kuma dawo bayan haihuwa. Baffa ma ya ji labarin sanarwar, amma fassararsa daban: ka ji ko, gwamnati da kanta ta san abin da ake yi a can. Inna kuwa, da labarin mafitar ya kai mata, ta lissafa wa ƙanenta 'yan matan unguwa da aka yi wa wannan alkawari. Zango na farko ana zuwa. Sai laulayi. Sai uwar miji ta fara tambayar wa zai ɗora tukunya. Sai miji ya ce a bari sai an yaye. Alkawarin na baki ne, kuma da zarar an shafa fatiha izinin fita ya koma hannun miji.

An tashi ba a tsayar da komai ba. Bayan kwana biyu Kawu ya dawo, ya bar doka a waje, ya shiga ciki ya durƙusa ya gaida Iya. Haihuwar Auta ya tuna mata. Inna ta kwana biyu tana naƙuda a gida domin Baba bai yarda namiji ya karɓi haihuwar matarsa ba. Aka haihu, jini ya ɓalle, da kyar aka isa asibiti da ita da rai, kuma Iya ce ta riƙe kanta a mota ranar. Ya ce, "Iya, da a ce wadda za mu tarar a can 'yar gidan nan ce, da mun jira kwana biyu?" Ya ƙara da abin da malaman Islamiyya ke yawan faɗa, cewa neman ilimi wajibi ne a kan kowane Musulmi, da labarin Nana Asma'u 'yar Shehu da ta riƙa tura mata masu ilimi ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata. Iya ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi, "Ungozoma dai ba abin kunya ba ce. Kakata ita ke yanke cibi a unguwarsu." Washegari ta aika wa Baffa cewa a dakata.

Saura kuɗi. Abin da hukuma ta yanke a zagaye na biyu na sakandare, wato shekara uku na bayan BEPC, sefa 10,000 ne, bai taka kara ya karya ba. Nauyin yana wajen kuɗin ƙungiyar iyaye, APEE, wanda da shi ake biyan malaman wucin gadi, sai littattafai, kayan makaranta, kuɗin jarrabawar probatoire a shekara ta biyu da bakaloriya a ta uku, da kuɗin babur safe da yamma. Baba ya ce shi abinci ne nasa. Yaya ne, yana tsaye a bakin zaure ba a ko ba shi wurin zama ba, ya ce, "Baffa, ni zan riƙa kai ta ina ɗauko ta. Kuɗin iyaye kuma a bar mini."

Burin Ummi

Ummi ba ta taɓa cewa tana son zama ungozoma ba. Lissafi ne ƙarfinta. Ta tashi a shekarun da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya arewa ta zauna cikin ɗauke wuta, ta yi bitar darasi da fitilar da yayanta ya gyara, ta kuma ji an kafa tashoshin hasken rana a Gider da Marwa. Abin da ta faɗa wa malamarta shi ne injiniya. Akwai makarantar injiniyoyi a Jami'ar Marwa, jami'ar da aka kafa a 2008, akwai wata a Ngaundare. Amma kowanne garin ya fi kilomita 200 daga Garwa, kuma budurwa ta kama ɗakin haya a wani gari ba maganar da za a ko fara ba ce a zauren Baffa. A ganina Jami'ar Garwa da aka ƙirƙira a 2022, tare da makarantun koyon aikin jinya na cikin gari, sun canza lissafin gidaje irin wannan fiye da duk wani taron wayar da kai, don yarinya tana iya karatu ta kwana a ɗakin uwarta. Sai dai abin da babu shi a Garwa dole ya fita daga burinta.

An yi wa burin nata abin da tela ke yi wa rigar wa idan za a ba ƙane, an rage tsawo an tsuke hannu har ta zauna a jikin gidan. Da na tambaye ta daga baya, cewa ta yi ungozoma ma aikin lada ne. Ba ƙarya take ba, ban kuma ga alamar tana jin an cuce ta ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Hani ana ganinsa, ana iya jayayya da shi. Amma yarinya mai wayo takan riga manya gano iyakar abin da za a bari, ta daidaita son ranta da shi tun ba a hana ta ba. Jinya, koyarwa, ɗinki, ayyukan da ake yi cikin mata, waɗanda miji ba zai ji nauyin faɗa wa abokansa ba. (Ba wanda ya tuna a zauren cewa ungozoma tana kwanan aiki. Wannan rigimar tana gaba.)

Ba a rasa abin koyi ba. Yaou Aïssatou, 'yar wannan jiha, ta zama ministar harkokin mata a 1984. Aïssa Doumara, wadda aka aurar tana ƙarama ta nace sai da ta ci gaba da karatunta, tana cikin waɗanda suka kafa reshen ALVF, ƙungiyar yaƙi da cin zarafin mata, a Marwa, kuma ita ta fara karɓar lambar yabo ta Simone Veil a Faransa a 2019. Amma a tsakar gidan Iya waɗannan mutanen rediyo ne. Wadda ake auna Ummi da ita 'yar maƙwabta ce da aka kai ɗaki da gadon zamani da firji.

Abin da aka tsayar shi ne ba a mayar da kuɗin gaisuwa ba, ba a kuma sa rana ba, a jira bakaloriya. Yaya ke kai ta ya ɗauko ta. Ba waya a hannunta sai ta Inna. Islamiyya Asabar da Lahadi ba fashi. Fannin lafiya, kuma a Garwa. Yaya ya ɗauki aikin da gaske har yana wuce gona da iri, shi ke duba tsawon hijabinta, shi ke tambayar wane ne ya gaishe ta a ƙofar makaranta. Ya zama mai biya kuma mai gadi, lefensa kuwa ya ƙara nisa.

Manemin ya yi haƙurin 'yan watanni. Mahaifiyarsa ba ta ga dalilin jiran shekara uku ba. Bayan Ƙaramar Salla aka aiko aka karɓi kuɗin gaisuwa cikin mutunci, ya auri wata yarinya a layin baya wadda ba ta kai Ummi shekaru ba, ba ta kuma gama firamare ba. Iya ta je bikin ta kai gudummawa. Baffa har yau in an samu saɓani yakan ce an kori mijin kirki saboda takarda, kuma duk ranar da Ummi ta makara dawowa maganar takan tashi sabuwa.

Da, Ummi ce ke taya Inna suya da ƙulla ƙuli-ƙuli da kai saƙo gidajen masu saye. Yanzu darasi yana kai ta yamma, dare kuma na bita ne. Aikin ya sauka kan Auta, har da tallar safe, wadda ke sa ta shiga aji a makare. Baɗi za ta shiga ajin ƙarshe na firamare. Da yake a gida aka haife ta, cikin ruɗanin ranar ba wanda ya je ya yi mata rajistar haihuwa, kuma ba takardar haihuwa ba a zama jarrabawar CEP ta kammala firamare, balle a shiga sakandare. Wa'adin rajista ya wuce tuntuni, sai an bi ta kotu da shaidu a samo hukuncin da zai ba da damar yi mata takardar, ga kuɗin takardu, ga na likitan da zai ƙiyasta shekarunta. Kawu ya kai maganar gaban Baba, Baba ya ce a bari a ga bayan Babbar Salla. Inna ta shiga wani ƙaramin adashi saboda haka, kwasarta tana zuwa a watan Nuwamba. Iya ta riga ta ce a sayi kwanuka da kuɗin a fara tara wa Auta.